Talabijin ɗin bango: sunayen da ke kan kwali, da abin da ke kashe shi a gidajenmu

Har gobe idan mutum ya shiga Sabon Gari a Kano, ko wani shagon kayan wuta a Kaduna, "filasma" zai ce a nuna masa, mai shago kuma ya gane abin da yake nufi. Alhali tun 2014 manyan kamfanoni suka daina ƙera filasma, shekarar da Panasonic da Samsung da LG suka janye daga harkar ɗaya bayan ɗaya. Suna ne kawai ya maƙale a bakinmu, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo, kowace wuta ta zama NEPA. Abin da ke jere a shagunan yanzu, in ka cire 'yan kaɗan masu tsada, duk LCD ne mai fitilun LED a bayansa, ko me aka rubuta a kwali.

Gilashin LCD ba ya haske da kansa. Tamkar taga ce mai miliyoyin ƙananan ƙofofi, kowace tana buɗewa ko rufewa don haske ya wuce ta ja ko kore ko shuɗi. Hasken daga fitilu yake zuwa, an jera su a kan siraran sanduna a bayan gilashin. Iri biyu ake jera su. Wasu talabijin an baza fitilun a duk faɗin bayansu, shi ya sa suke da ɗan kauri. Wasu kuma an cusa fitilun a gefe ɗaya, yawanci ta ƙasa, sai a sa farantin roba ya rarraba hasken. Na biyun su ne sirara masu kyan gani a bango, kuma su ne suka fi saurin mutuwa a garin zafi, domin fitilu da dama sun taru a wuri ɗaya suna gasa juna, har farantin robar kan tsage ko ya yi tabo. Ga mai zama a Sakkwato ko Maraɗi, kauri ba aibi ba ne.

QLED, sunan da Samsung ya fara tallatawa a 2017, LCD ɗin ne dai, an ƙara masa wata leda mai ɗauke da ƙananan ƙwayoyi da ke tsarkake ja da kore. Launi yana ƙara fitowa, amma fitilun baya suna nan kuma suna ƙonewa kamar na kowa. Mini-LED ya fi zama ci gaba na gaske: fitilun ƙanana ne, dubbai, an raba su yanki-yanki, ta yadda wurin da ya kamata ya yi duhu a hoto fitilunsa za su dusashe, wurin haske kuma ya haskaka. TCL ya fito da shi kasuwa a 2019, Samsung ya biyo baya a 2021 da sunan Neo QLED. A nan yawan yankunan ake tambaya, don talabijin mai yanki 30 da mai yanki 1,000 duk Mini-LED za a iya rubuta musu. Sabon abin da aka fara nunawa a 2025 shi ne Mini-LED mai fitilun baya masu launi uku, ja da kore da shuɗi, maimakon fari ko shuɗi kaɗai. An fara shi ne a manyan alluna masu inci 100 zuwa sama.

OLED ne kaɗai ya fita daban. Ba shi da fitilar baya. Kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, idan an ce baƙi sai ya mutu gaba ɗaya. Hotonsa da daddare babu kamarsa. Sai dai yana da ɗabi'ar da ba ta jitu da wutarmu ba. Bayan kusan awa 4 na kallo, idan aka kashe shi da rimot, yakan yi 'yan mintuna yana daidaita ɗigoginsa a ɓoye don kada tambarin tasha ko layin labarai na ƙasa ya bar tabo. Gidan da NEPA ke ɗauke wuta ba sallama, ko ake kashe soket daga bango, wannan aikin ba ya kammaluwa. Wanda zai kwana yana kallon tasha ɗaya mai tambari a kusurwa, kuma ba shi da inbata, kuɗin OLED ya fi kyau ya tafi ga Mini-LED.

Wani abin da bai bayyana a kwali ba shi ne wa ya ƙera gilashin. Sashen ƙera allo na Samsung ya daina yin LCD tun 2022, na LG kuma ya sayar da masana'antarsa ta Guangzhou ga CSOT, reshen TCL. Yawancin gilashin LCD yanzu daga kamfanonin Sin yake fitowa, irin su BOE da CSOT da HKC, sai wasu daga Taiwan. Wannan ne ya sa manyan inci suka yi ta araha a kasuwar duniya, ko da yake faɗuwar naira ta hana mu jin daɗin ragin sosai. Ma'anarsa ga mai saye ita ce, sunan kamfani ba gilashi yake sayar maka ba. Abin da kake biya shi ne ingancin bod ɗin wuta (farantin lantarkin da ke karɓar wuta ya rarraba ta a cikin talabijin), manhajar ciki, iya sarrafa hoto, da garanti.

A gilashin kansa, tambaya ɗaya ce ta shafi yadda muke zama. Akwai VA, mai baƙi sosai amma launinsa yana koɗewa in ka kalle shi daga gefe. Akwai IPS, wanda baƙinsa ya ɗan yi toka-toka amma hotonsa bai canzawa daga kowace kusurwa. Falon da kujeru suka zagaye bango, yara kuma suna ƙasa a kan kafet, ko gidan kallon ƙwallo mai benci har bakin ƙofa, IPS yake so. Ɗakin maigida da gado yake fuskantar allo kai tsaye, VA ya fi. Ba sai ka nemi takarda ba: a shagon, matsa gefe ka duƙa, ka dubi fuskar mutum a allon. In ta yi fari-fari, VA ne.

Sai maganar 4K, wadda ita ce aka fi cin kuɗin mutane da ita. 4K ɗigo 3,840 ne a kwance, 2,160 a tsaye, wato kimanin miliyan 8.3, ninki huɗu na Full HD mai 1,920 da 1,080. Amma ido yana da iyaka. A allo mai inci 43, in ka wuce kusan mita 1.7, lafiyayyen ido ba zai bambance 4K da Full HD ba. A inci 55 iyakar kusan mita 2.2 ce, a inci 65 kuma 2.6. Auna falonka, da yawa kujerar tana mita 3 ne ko fiye. Bayan wannan, me za ka saka masa? Tashoshin dikoda mafi kyawunsu HD ne, da yawa ma ba su kai ba, kuma ƙaramin hoto idan aka miƙe shi a babban allo sai aibinsa ya fito fili, fuskoki su zama kamar an shafa musu mai. Ta intanet kuwa, Netflix da kansa ya ce 4K na iya cin gigabait 7 a awa, HD kuma 3, kuma yana son layin da bai gaza megabit 15 ba. Fim ɗaya ya cinye datar mako. Daga inci 50 zuwa sama ba ka da zaɓi, kusan duk 4K ake yi, kuma babu laifi. Amma a inci 32 ko 40, ƙarin kuɗi don 4K asara ce. 8K kuwa, mai ɗigo miliyan 33, kusan babu abin kallonsa ma tukuna.

HDR, wato fasahar da ke ƙara wa hoto ƙarfin haske da zurfin duhu, ita ma haka. Rubutun yana nufin talabijin ɗin yana gane siginar, ba wai yana iya nuna ta ba. Masu araha haskensu bai wuce nit (ma'aunin ƙarfin hasken allo) 250 zuwa 300 ba, kuma a wannan matakin fim ɗin HDR duhu yake ƙarawa. Sai daga wajen 600 ake fara ganin amfaninsa. Kuma adadin da aka rubuta da sunan "motion" wani abu, 120 ko 240, ba shi ne saurin gilashin ba. Gilashin yawanci ko sau 60 yake sabunta hoto a daƙiƙa ko sau 120, kuma mai 120 na gaskiya mai wasan PS5 ne ya fi buƙatarsa, tare da ramin HDMI 2.1.

"Smart" ɗin kuma iri-iri ne. Samsung na da Tizen, LG na da webOS, Hisense na da VIDAA, TCL da Sony suna amfani da Google TV. Waɗannan duk suna da lasisi. Matsalar tana ga talabijin marasa sanannen suna da aka rubuta musu Android kawai, aka ɗora musu manhajar waya wadda Google bai tantance ba. Alamominsu: YouTube ɗin na waya ne, sai da linzami ake iya danna shi, Netflix ko ya ƙi hawa ko ya tsaya a dishi-dishi saboda babu lasisin HD, ƙwaƙwalwar aiki giga 1, ma'aji giga 8, bayan 'yan watanni sai nauyi. A Yunin 2025 hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi kan irin waɗannan akwatunan Android marasa tantancewa, cewa wasu da ɓoyayyiyar manhajar kutse suke zuwa, suna amfani da intanet ɗin gidanka ba da saninka ba. Gaskiyar magana, gilashi mai kyau da ƙaramar na'urar kallo mai lasisi a ramin HDMI ya fi "smart" na bogi. Manhaja tana tsufa cikin 'yan shekaru, na'urar waje kuwa canza ta kawai za ka yi.

Duk wannan hira ce ta shago. Abin da ke yanke wa talabijin kwana a gidajenmu wuta ce da zafi.

Juya shi ka karanta takardar da ke manne a baya. Yawancin na yanzu an rubuta musu bolt 100 zuwa 240, domin bod ɗin wutarsu yana daidaita kansa. Wato rabin wutar da ke sa fanka tafiyar hawainiya ba ta cika damun talabijin ba, kuma sitabilaiza ba shi ne babban abin da yake buƙata ba. Mai kisan ita ce wutar da ta yi yawa. Idan wayar nutural ta tsinke ko ta saki a taransifoma ko a fol, gidajen da ke wani layin sai su samu wuta mai kusantar bolt 400 maimakon 230. Babban kafasitan bod ɗin, wato ɗan gwangwanin da ke tara wuta, wanda yawanci bolt 450 aka rubuta masa, ba zai jure abin da hakan ke zama a cikinsa ba. Ko ya kumbura ko ya fashe, fis ya tsinke, wani lokacin har ɓarnar ta tsallaka babban bod. Sitabilaiza mai ƙarar ƙwas-ƙwas ba ya da saurin tare wannan. Abin da ake so shi ne gad, ɗan akwatin da ke yanke wuta in ta haura ko ta faɗi ƙasa da iyaka, kuma ya jinkirta kafin ya mayar da ita bayan an kawo. Jinkirin nan shi ne rabin amfaninsa, don daƙiƙun farko na dawowar wuta su ne mafi hatsari. Kada a danna maɓallin tsallake jinkirin don ana sauri a ga ƙwallo.

Ƙaramin janareta shi ma yana da nasa. Lokacin da mai ya kusa ƙarewa yakan yi ta shaƙewa yana tashi, wutar tana hawa da sauka. A kashe talabijin kafin a kashe janareta, a kuma bar janareta ya daidaita kafin a juya canji. A damina kuwa ta wayar dish tsawa ke shigowa: daga faranti zuwa dikoda, daga dikoda ta wayar HDMI zuwa babban bod. Shi ya sa za ka ga talabijin yana kunnuwa lafiya amma duk ramukan HDMI sun mutu. Gad ɗin soket bai ga wannan hanyar ba sam. In hadari ya haɗo da walƙiya, a zare wayar dish ɗin daga dikoda, ba soket kaɗai ba.

Ga masu sola da inbata, girman allo lissafi ne na batir. Mai inci 32 yakan ci wat 30 zuwa 50, mai 43 wajen 60 zuwa 90, mai 55 kuma daga 80 har 150 gwargwadon hasken da aka sa. Ɗauki batir mai ruwa na bolt 12, amfiya 200. A takarda wat 2,400 ne na awa ɗaya, amma in ana son ya daɗe rabi ake sha, 1,200, inbata kuma ya ci nasa kason, ya rage kusan 1,000. Talabijin mai cin wat 110, dikoda 15, fankar sama 70, jimla 195: awa 5 ke nan. Sauya shi da mai inci 43 da aka rage wa haske zuwa wat 50, jimla 135, ka samu awa 7 da rabi. Ga mai mita ma haka: wat 100 na awa 8 kullum yunit 24 ne a wata, wanda a farashin naira 225 da aka sa wa masu wutar rukunin A (Band A) a Nijeriya a Afrilun 2024 ya kama naira 5,400. In gidan ba shi da inbata sam, akwai ƙananan talabijin masu shan bolt 12 kai tsaye daga batir, kuma sun fi tattali tunda babu asarar juya wuta.

Ciwon da ya fi kai talabijin wurin mai gyara shi ne: murya tana fita, hoto babu. Kafin wani ya ce maka gilashi ya mutu, ka kashe fitilar ɗaki, ka kunna tocilar waya ka manna ta kusa da allon a karkace. In ka hango inuwar hoto tana motsi, gilashin lafiya lau, fitilun baya ne suka ƙone. A jere aka haɗa su kamar carbi, kowace ƙwaya bolt 3 ko 6, ɗaya ta tsinke sai layin duka ya mutu, bod ɗin kuma ya kashe sauran don kariya. Wani mai gyaran zai canza ƙwayar da ta ƙone kaɗai ya karɓi kuɗi kaɗan. Bayan wata biyu ka dawo, domin sauran ma sun sha zafi iri ɗaya. A canza sandunan duka, saiti guda, tunda kowace buɗewa kasada ce: gilashin siriri ne ƙwarai, ɗaga shi ba daidai ba yana tsaga shi, kuma kuɗin sabon gilashi ya kusa na sabon talabijin. Hoton da ya koma shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda shi ma fitilu ne, rufin ƙwayoyin ne ya ƙone.

Dalilin ƙonewar kuwa sau da yawa a saiti yake. Talabijin kan zo da hasken baya a ƙure don ya yi fice a shago. Ranar farko, a tabbatar an zaɓi Home ba Store ba, a cire shi daga Vivid ko Dynamic a mayar Standard ko Movie, sannan a nemo inda aka rubuta Backlight a sauke shi zuwa rabi ko kashi 60 cikin 100. A wasu talabijin Brightness wani abu ne daban, baƙin hoto yake gyarawa, fitila ba ta san an yi ba. Kwana biyu ido zai saba, fitilu su huta, batir ma ya huta.

Littattafan da ke zuwa cikin kwali yawanci digiri 40 suke sawa a matsayin iyakar zafin aiki, kuma Kano da Yamai suna haura haka a Afrilu, balle ɗaki mai kwano ba silin. Ƙa'idar masu lantarki ce cewa duk ƙarin digiri 10 yana rage wa kafasita rabin kwanansa. Don haka a bar aƙalla santimita 10 ta sama da gefuna, kada a cusa shi cikin ramin katakon ado da ya rufe ramukan iska, kada a rataye shi a bangon da rana ke duka daga waje da yamma. Mayafin da ake lulluɓa masa saboda ƙurar hunturu yana da kyau, amma a cire shi gaba ɗaya lokacin kallo. Barinsa a naɗe a sama yana toshe inda zafi ke fita. Wajen gogewa kuma kada a fesa komai a gilashin. Ruwan yana gangarowa ƙasa ya shiga siraran ledojin da ke haɗa gilashi da bod, su yi tsatsa, sai ka ga layi a tsaye, ja ko kore, wanda ba kowane mai gyara ke da injin ɗinke shi ba. A ɗan jiƙa tsumma mai laushi, a matse, a goge talabijin yana kashe.

Wajen rataya, ramuka huɗun baya suna da ma'auni, kamar 200 da 200 ko 400 da 400 na milimita, da kusoshi M6 ko M8. Kusar da ta fi tsayi tana nutsewa ta taɓa bod ko ta danno gilashi daga baya. Tsakiyar allo ya daidaita da idon wanda ke zaune, ba can kusa da silin ba.

Kayan kwatano suna da nasu tarkon. Wanda ya fito daga Amurka sau da yawa bolt 120 kaɗai yake sha, na Japan 100; a sa shi a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za a ji. Ko an sa masa taransifoman rage wuta, na'urar kama tashar da ke cikinsa ba irin tamu ba ce. Nijeriya, wadda ta fara gwajin komawa dijital a Jos a Afrilun 2016 sannan Abuja a Disambar shekarar, tsarin watsa tashoshi mai suna DVB-T2 take amfani da shi, kamar maƙwabtanta. Don haka T2 za ka nema a jiki, in kuma da S2 to za ka iya haɗa wayar dish kai tsaye ka kama tashoshin kyauta ba dikoda. Na biyan kuɗi irin su DStv da GOtv da StarTimes dai sai da dikodarsu.

Ranar saye, tafi da tef ɗin awo da filash. Inci daga kusurwa zuwa kusurwa ake aunawa, gilashi kaɗai ban da baki, amma faɗi ya fi sauƙin dubawa: inci 32 kusan santimita 71 ne, 43 kusan 95, 55 kusan 122, 65 kusan 144. Ba sabon abu ba ne a tarar da inci 40 a kwalin 43. A filash ɗin ka sa hotuna biyar, fari fat, baƙi ƙirin, ja, kore, shuɗi, ka buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Farin zai nuna tabon fitila, baƙin zai nuna hasken da ke yoyo ta gefe, sauran ukun su tona ɗigon da ya mutu. Gwada kowane ramin HDMI, ba guda ba. Shiga menu ka buɗe bayanin na'ura, ka kwatanta lambar da ke ciki da ta takardar baya da ta kwali. Ukun su zama ɗaya. Talabijin da aka liƙa wa tambarin babban kamfani da gam a nan asirinsa ke tonuwa, don menu ɗinsa ba zai zama Tizen ko webOS ba, rimot ɗinsa kuma mara nauyi ne kamar na abin wasan yara. A rasit a rubuta lambar da tsawon garanti, ka kuma tambaya tun a wurin ko garantin ya haɗa da ƙonewar wuta, domin yawanci bai haɗa ba. In za a ɗauko shi a a-daidaita-sahu, a tsaye cikin kwalinsa za a riƙe shi. Kwantar da babban allo a kan hanya mai gargada ya isa ya tsaga gilashin tun kafin a isa gida.